Moto ya yi wata uku aje ya ƙi tashi: wai esans na ruɓewa?

Habu Ɗan Wadata: Salamu alaikum ƴan uwa. Abin da wasu masu gareji ke yi ma mutane a garin Tawa bai dace ba. Moto 125 an aje shi lafiya lau wata uku, an zo tadawa ya ƙi. In ya tashi ma sai an ja sitata, ana mai da ita shi mutu. An kai gareji, ko kwanon karburata ba a kwance ba anka ce a sayi sabo, jika goma. Alhali mai ne kawai ya ruɓe a ciki, wanki yake so. Wannan cin amana ne, in ƙarya nake ku gaya mini.

Malam Isuhu mai gareji: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gyara maganarka tukuna. Nama ke ruɓewa, tumatur ke ruɓewa, esans ba ya ruɓewa. Tashi yake yi. Kwanon karburata yana da kafar iska, zafin Afrilu da Mayu nan kuwa ya wuce digiri 40. Sashen man da ke saurin kama wuta shi ke fara tahiya, abin da ya rage shi yi kauri, shi zama danƙo a cikin ƙaramin jikler na ralanti, wato ɗan bakin da ke ba inji mai in yana aiki a tsaye ba a ba shi wuta ba. Kafarsa ba ta kai rabin milimita ba, danƙo kaɗan ya isa shi toshe ta. Shi ya sa moto ke tashi da sitata kawai.

Sani Kabu-kabu: Malam Isuhu, da girmanku. Abu ya canza launi ya yi ja kamar shayi, ya canza wari, ya daina aikin da aka san shi da shi, to mi sunansa? Bahaushe ruɓa yake cewa. Buɗe tankin da ya yi wata shida ku shaƙa, warin fenti za ku ji, ba na esans ba.

Malam Isuhu mai gareji: Lalacewa daban, ruɓewa daban. Ruɓa sai da tsutsa ko ɗoyi.

Mushe Abdu: Ku duka kuna da rabin gaskiya. Abu biyu ke faruwa tare. Na farko tashin da Malam Isuhu ya faɗa. Na biyu, iska na haɗuwa da man ta sake halinsa, wannan shi ke kawo jan launin da danƙon, kuma zafi na ƙara mashi sauri. Ga na uku da babu wanda ya taɓo: tankin da anka bari rabi, musamman da damana, raɓa na taruwa a bangonsa ta gangara ƙasa, don ruwa ya fi esans nauyi. Nan tsatsa ke farawa. Ranar da ka mai da robine, famfon man tanki, bisa rezab, wato man ajiya na ƙasan tanki, ruwan da tsatsar su za ka fara ja. Ni da an ce mai ya tsufa, da ya fi.

Sani Kabu-kabu: Tsufa kuma Mushe? Wannan Hausar lakwal ce. Babu mai gareji ko ɗaya da zai ce maka mai ya tsufa.

Nasiru na Ƙonni: Ku tsaya, ni tun farko ban gane ba. Ya ce sai an ja sitata. Sitata dannawa ake yi, ba a ja. Cok yake nufi. In sitata ce ba ta juyawa to maganar batir ce, ba ta mai ba.

Malam Isuhu mai gareji: Nasiru, nan Tawa ne, ba Sakkwato ba. Abin da ke rufe iska shi ne sitata, na dannawa demarer. Buji muke cewa ba fulogi ba.

Nasiru na Ƙonni: Da yawa cikin kayan gyaran da kuke sawa ta Illela suke shigowa, da sunan da anka san su can. Kuma maganar batir ba a banza na kawo ta ba. Batir mai volt 12 ne, cikakke in ka sa mita zai nuna 12,6 ko sama. In ya faɗo ƙasa da 12 ya sauka. Moton da CDI ɗinsa, akwatin da ke sa buji ba da wuta, ke cin wuta daga batir, ko ka kwana kana buga kik ba zai ba da wuta mai kyau ba. Wanda ke ci daga bobin ɗin inji kuwa kik na tada shi ko babu batir. A fara sanin wane iri ne. In ya tashi a sake awo, a ƙara wuta kaɗan, ya kamata a ga tsakanin 13,5 da 14,5.

Mushe Abdu: Moton Habu yana tashi, zama ne ba ya yi. Ke nan wuta akwai. Batir ba shi da laifi nan.

Alhaji Mamman mai kayan moto: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ruwa-ruwa ne. Man da ya kwana cikin jarka, ya sha rana cikin kwalba bakin hanya, ya riga ya fara lalacewa tun kafin shi shiga tanki. Wanda zai aje moto shi sha a gidan mai.

Lawali mai ruwa-ruwa: Alhaji, ku ji tsoron Allah. Man gidan mai in ya yi wata uku a kwanon karburata shi ma danƙo yake yi. Wanda ke shakka ga gwaji: a cire tiyo daga robine, a tara rabin kwalba fara mai tsabta, a aje minti biyar. In da ruwa za a gan shi kwance ƙasa. In mai ya zubo siriri ko yana ɗiga, ragar da ke cikin robine ta toshe da tsatsa. Tsatsar tanki ba mu muka zuba ta ba.

Alhaji Mamman mai kayan moto: To masu haɗawa da kalanzir fa?

Lawali mai ruwa-ruwa: Ku kawo wanda kuka kama. Masu sai da buji na jabu cikin kwalin asali fa?

Habu Ɗan Wadata: Jama'a, ni ba wannan na tambaya ba. Na ce ya halatta a ce a sayi karburata ba a buɗe tsohon ba?

Sani Kabu-kabu: Habu, kwance da kanka, aikin rabin awa ne. Rufe robine. Kwance bis ɗin da ke gindin kwano tsohon man shi zube, nesa da wuta da masu taba. Cire karburata, buɗe kwano, za ka ga jikler biyu: gajeren babba da siririn na ralanti. Yi amfani da turnabis da ya zauna daidai, tagulla ce, tana saurin cinyewa. Jiƙa su cikin sabon esans, ka zare silin waya guda mai laushi daga wayar lantarki ka bi kafar a hankali, har da ƙananan kafofin gefe. Kar ka sa allura ko tsinken ƙarfe, kafar za ta buɗe, moto shi dinga shan mai har abada. Kai wa mai faci shi hura iska duk hanyoyin, amma ka cire fulotar, abin da ke yawo bisa mai cikin kwano, tukuna. Ɗaga jikler ka duba rana, in ka ga haske zagaye ya fita. Bis ɗin iska, ƙirga juyi nawa yake kafin ka cire. In ka mance, rufe shi a hankali ka buɗe juyi ɗaya da rabi, sauran gyaran sai inji ya yi zafi. Sannan ka zubar da ruɓaɓɓen man tanki.

Malam Isuhu mai gareji: Ka sake cewa ruɓaɓɓe. Kuma ka bar abubuwa. Robar da ke haɗa karburata da inji tana tsagewa in ta sha zafi, iska ta dinga shiga ta ɓarauniyar hanya, alamarta ɗaya da ta jikler. A buɗe akwatin filtar, ɓeraye na yin sheƙa ciki. A leƙa bakin salansa da tiyon iskar karburata, zanzaro na gina laka nan. Buji a goge, tazarar bakinsa milimita 0,6 zuwa 0,7. Mafi haɗari: in robine ta kwana buɗe kuma allurar fulotar ta maƙale, esans na iya gangarawa cikin baƙin mai. Ciro sandar awo ka shaƙa. In ya hau sama da alama ko yana warin esans, a juye kafin a tada. Wanda bai koyi sana'a ba ba zai tuna waɗannan ba.

Alhaji Mamman mai kayan moto: Kuma akwai karburatan da wanki ba ya tadawa. In ruwa ya kwanta a kwano har ya ci shi ya yi farin gari, ko jikler ya karye a ciki, sabo ne magani.

Habu Ɗan Wadata: Sai an buɗe ake sanin haka, Alhaji. Abin da nake faɗa ke nan.

Nasiru na Ƙonni: Har yanzu cok ne sunansa.

Malam Isuhu mai gareji: Tunda ni ke riƙe da zauren nan, bari in taƙaita mu rufe. An yarda esans ba ya ruɓewa, tashi yake yi shi bar danƙo, Mushe ma ya tabbatar. An ga ciwon yana da kafofi da yawa, don haka ba daidai ba ne a zagi masu gareji a fili. Maganar ruwa-ruwa ba a kawo hujja ba. Mai aje moto shi rufe robine, shi bar inji shi shanye abin da ke kwano har shi mutu, shi cika tanki, shi cire wayar batir ta baƙi. In ya ƙi tashi a kawo ma masu sana'a.

Mushe Abdu: Rabin gaskiya na ce, Malam, ban ce an yarda ba.

Habu Ɗan Wadata: Sani, silin wayar nan, na cikin wayar caja zai yi ko sai mai kauri?