Cire gashin haɓa da wutar lantarki, da gaske baya dawowa?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Gashi ne ke fito min a haɓa, kullum ina tsigewa da hantsaki har wajen yayi baƙi da ƙuraje, wlh abin yana damuna sosai. Naji ana kashe shi da lantarki, shin da gaske baya dawowa?

Aunty Nas:
Wslm ƙanwata, da gaske ne. Wata siririyar allura ake sawa cikin ramin gashin a sake wuta kaɗan ta kashe saiwar, ɗaya bayan ɗaya, shiyasa yake cin lokaci, kuma gashi ba tare yake tsirowa ba dole kiyi ta komawa har shekara ko fiye. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka wannan na lantarkin ta yarda a kira cirewa na dindindin, leza (wato cire gashi da haske mai ƙarfi) ragewa kawai take. Kuma baruwansa da launin fata, mu baƙaƙe leza na iya ƙona mu in ba'a iya ba. Amma ki bar tsigar nan, aski ya fi, sai da saiwa a ciki ake iya aikin.

Ummu Sadiq:
Ki fara ganin likitan mata tukunna, sau dayawa PCOS (matsalar sinadaran jikin mace da ke shafar ƙwan haihuwa) ke kawo wannan, musamman in al'adarki tana wasa. In ba'a magance ba wani sabo zai riƙa fitowa.

Maman Ilham:
Nagode sosai. Akwai zafi?

Aunty Nas:
Kamar cizon tururuwa, wajen yayi ja na ɗan lokaci. Ki tabbatar sabuwar allura aka buɗe a gabanki, in kuma fatarki na yin tabo mai kumburi ki faɗa musu tun farko.