Dawowa fili bayan raunin gwiwa: abin da aka tattauna kan 'yan layin gaba

A ƙwallon Amurka, 'yan layin gaba su ne ƙattin da ke tare abokan hamayya don kare mai jefa ƙwallo. Yawancinsu sun kai kilo 140, gwiwa ce ke ɗauke da duk wannan nauyi, shi ya sa tattaunawar da aka yi kan yadda suke dawowa fili bayan rauni ta fi tsayawa a kanta.

Shawarar da kusan kowa ya maimaita ita ce kada a yi gaggawa. Jijiyar tsakiyar gwiwa idan ta tsinke aka yi tiyata, sai an yi wata tara zuwa shekara kafin a dawo fili. Aka kawo misalin Jason Kelce, tsohon ɗan layin gaba na ƙungiyar Philadelphia Eagles, wanda ya ji rauni a gwiwa a wasa na biyu na kakar 2012. Ya haƙura da sauran kakar, ya dawo a 2013, ƙungiyarsa ta ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na babbar gasar ƙwallon Amurka, a 2018.

Masu gashin ƙashi sun ce aiki yana farawa tun kana kwance: ka miƙe ƙafa, ka matse naman cinya, ka ɗaga ta kaɗan, ka sauke. Cinyar da aka bari takan rame cikin 'yan makonni.

An yi saɓani kan abinci. Wasu sun ce a rage ƙiba don gwiwa ta huta, wasu suka ce ƙato in ya zube ba zai iya tare kowa ba. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa a rage kitse, a bar tsoka.

Sai tsoro. Mutum ya warke, amma yana jin shakkar dafa ƙafar da ƙarfi. Nan aka ce ya riƙa sa abin ɗaure gwiwa mai tallafe ta, ya fara atisaye da abokin wasa ɗaya kafin ya shiga cikin turereniya.