Wai farashin gida ba ya faɗuwa, in kasuwa ta yi sanyi jira kawai za ka yi?

Alhaji Mai Gidaje: Salamu alaikum jama'a. Ni fa maganar da ake ta yi wai kasuwar gidaje ta yi sanyi don haka duk mai son sayarwa ya rage kuɗi, ban yarda da ita ba ko kaɗan. Gida ba ya faɗuwa. Ƙasa ba ƙaruwa take ba, mutane kuwa kullum ƙaruwa suke, in masu saye sun yi ƙaranci yau ka kulle gidanka ka jira, da ƙafarsu za su zo. Wanda ya karyar da nasa shi ya so asara.

Tsohon Dillali: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Amma wallahi irin wannan maganar ce ta sa gidaje ke zaune shekara da shekaru har rubutun "na sayarwa ne" ya koɗe a jikin bango. In gida ya fito kasuwa makonnin farko su ne nasa, lokacin ne masu saye na gaske ke zuwa su duba su taya. In ka ce albarka ga kowa saboda ka kafe a kan abin da maƙwabcinka ya sayar lokacin da kasuwa ke ci, toh bayan wata biyar shida duk wanda aka kai sai ya fara tambaya me ya sa har yanzu ba a saya ba, ko rigimar gado ce, ko takardu ne ba su cika ba, ko ginin ne ya tsage aka shafe da fenti. Gidan lafiyarsa ƙalau amma ya yi baƙin jini, daga nan tayin da za a yi maka ba zai kai wanda ka ƙi da farko ba.

Alhaji Mai Gidaje: Malam ai ku dillalai dole ku faɗi haka tunda la'ada ba ta fitowa sai an sallama

Tsohon Dillali: Haka ne ranka ya daɗe, amma la'adar daga kuɗin gidan ake cire ta, in kuɗin ya ragu tawa ma ta ragu. Ba na murna da ragi.

Malama: Alhaji ka yi haƙuri zan sa baki. Cewa gida ba ya faɗuwa ba gaskiya ba ne, an gani da ido. A Amurka farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006, kafin 2012 ya zube da sama da kashi ɗaya cikin huɗu, mutane da yawa suka wayi gari bashin da banki ke bin su ya fi kuɗin gidan kansa. A ƙasar Ayilan da ke Turai tsakanin 2007 da 2013 kusan rabin farashin ya tafi. Japan kuwa tunda farashin filaye ya fara sauka bayan 1991 sai da ya shafe sama da shekara 10 yana gangara. Su ma can kafin abin ya faru cewa suke ƙasa ba ta ƙaruwa.

Alhaji Mai Gidaje: Toh Malama ai a Amurkan farashin ya dawo har ya wuce na da, ashe wanda ya jira shi ya ci riba kenan

Malama: Ya dawo, amma sai bayan wajen shekara 10, kuma wanda ke da halin jira ne ya gani. Mai bashi a wuya da wanda aikinsa ya tsaya da magada masu jiran rabo ba su da shekara 10 a hannu. Sannan ko lambar kuɗin ta dawo daidai, abin da kuɗin ke iya saya ya ragu saboda hauhawar farashi, wannan asarar ba a ganin ta a takarda amma aljihu na jin ta.

Ma'aikacin Banki: Ni dai gaskiya Alhaji yana da hujja ta wani ɓangaren, kar a danne masa. Sanyin kasuwa daban faɗuwar farashi daban. Ku duba Amurka a 2023, kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 ya tashi daga wajen kashi 3 cikin 100 a 2021 zuwa kusan kashi 8, ciniki ya yi ƙasa har rabon da a ga ƙarancin sayar da tsofaffin gidaje irin haka tun 1995, amma farashi bai zube ba. Dalili shi ne masu gidajen da suka ci bashi da arha sun ƙi sayarwa don kar su koma cin mai tsada, sai gidajen da ke kasuwa suka yi kaɗan. Don haka sai ka fara sanin me ya kawo sanyin a wurinku, gidaje ne suka yi yawa ko kuɗi ne ya yi wuyar samu.

Injiniya: Duk lissafin nan ba wanda ya sa kuɗin ajiye gidan. Gidan da aka kulle ba kowa ya fi wanda ake ciki saurin lalacewa. Rufi ya fara yoyo ba mai gani sai silin ya kumbura ya yi baƙi, gara ta shiga ƙofofi, famfo ya yi tsatsa, ɓarayi su zare wayoyin wuta, ga albashin mai gadi ga haraji. Mai saye na shiga ya ji warin danshi ya gama yanke hukunci tun daga falo.

Mai Neman Gida: Toh mu masu son saye fa, mu jira ya ƙara sauka ko mu shiga yanzu? Ni duk wanda na taya sai a ce na raina musu kaya

Tsohon Dillali: Ɗan'uwa yanzu lokacinku ne amma kar ka yi tayin wulaƙanci, mai gida na jin haushi ya rufe ƙofa ko da yana cikin matsi. Ka tambayi tun yaushe gidan ke kasuwa da dalilin sayarwa, ka kai mai gini ya duba maka, kuɗin gyaran da ya lissafa shi ne hujjarka ta neman ragi. Kuma kar ka ba da kafin alƙalami sai lauya ya tantance takardu. Shi kuma Alhaji akwai abu ɗaya, in za ka sayar ne don ka sayi wanda ya fi shi girma ai sanyin ya yi maka rana, kashi 10 da ka rage a ƙaramin gida bai kai kashi 10 da za a rage maka a babba ba.

Alhaji Mai Gidaje: Wannan ta ƙarshen na ji ta. Amma ni ba wani zan saya ba kuma ba mai bi na bashi, don haka ba zan rage ba. Maganar Injiniya dai ta shige ni, zan gyara rufin in sa 'yan haya kafin kasuwa ta motsa.

Tsohon Dillali: In haka ne a rubuta a yarjejeniyar haya cewa za su riƙa bari a shigo da masu dubawa, kuma a yi ta shekara ɗaya ɗaya, don masu saye da yawa ba sa son gidan da sai sun yi fama da fitar da ɗan haya.