Firintata ta ƙi karɓar sabon kartush da aka sayo mini daga Ƙonni

Baban Zali, Tawa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin firinta. Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a nan Tawa, kuma ina da ƴar ƙaramar firinta a gida, irin mai ɗaukar kartush biyu, wato ƴan mazuban tawada, ɗaya na baƙar tawada ɗaya na launi, wadda ƙanena ya kawo mini daga Faransa. Da ita nake buga wa ɗaliban da za su zauna jarrabawar BEPC, wato ta kammala kwaleji, takardun bita, domin zana siffofin lissafi a kan allo yana cinye rabin lokacin darasi kafin a fara aikin kansa.

Tun da na same ta, kartush ɗin da nake sa mata daga can suke zuwa, duk lokacin da aka samu mai tahowa gida. A wannan karon baƙin ya ƙare babu mai zuwa, sai na ba da saƙo aka sayo mini wani daga Ƙonni. Ba na kamfanin da ya ƙera firintar ba ne, amma mai shagon ya tabbatar wa ɗan aiken cewa zai yi. A ido babu abin da ya raba shi da tsohon, girmansu ɗaya, kuma ya shiga mazauninsa har na ji ya kama. Ina rufe murfin sai fitila ta fara ƙiftawa, kwamfuta kuma ta nuna saƙo da Faransanci cewa kartush ɗin bai dace da wannan firinta ba. Na kashe na kunna, na cire na mayar, saƙon yana nan yadda yake, ko shafin gwaji ta ƙi bugawa.

Shin kartush ɗin ne ba shi da kyau, ko firintar ce ta samu matsala, ko kuwa gaskiya ne abin da ake faɗa cewa kamfanoni suna toshe duk tawadar da ba tasu ba? Muna cikin watan Mayu, jarrabawa ta matso, kuma ba na son in sake kashe kuɗi a kan wani kartush kafin in fahimci inda matsalar take.

Mai gyaran kwamfuta, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaran sa'a. Kada ka sayi kome tukuna, domin akwai gwajin da ba ya cin ko dala, kuma shi zai raba maka gardama.

Idan tsohon kartush ɗin yana nan, mayar da shi. Idan firintar ta karɓe shi, ko da ta ce tawada ta ƙare, to lafiyarta ƙalau, matsalar tana jikin sabon. Idan kuwa shi ma ta ƙi shi, to sai mu koma kan mazaunin kartush. Akwai wasu ɗigo-ɗigo na jan ƙarfe a bayan kowane kartush, kuma a cikin mazaunin akwai ƴan ƙananan haƙora da suke taɓa su. Ta nan ne firinta take karanta bayanin kartush ɗin, kamar yadda salula take karanta layin da aka sa mata. Ƙurar hunturu da ta kwanta tun watan Janairu, ko ɗigon tawada da ya bushe, ko maiƙon yatsa, kowannensu yana iya hana haƙori ɗaya taɓawa, kuma ɗaya ɗin ya isa ya kawo wannan saƙo. Cire wayar wuta daga bango, ka sami ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da zare, ka ɗan jiƙa shi da alkol na famasi, ka goge ɗigon da ke jikin kartush da haƙoran da ke cikin mazaunin a hankali, sannan ka bari su bushe sarai kafin ka mayar. Kada ka goge bakin da tawada ke fita da alkol, kuma ka duba ko an cire ƴar ledar da ake liƙa wa sabon kartush, domin wani lokaci guntunta yakan saura a kan ɗigon.

Amma abin da na fi zato, tun da ka ce firintar daga Faransa take, kartush ɗin kuma daga Ƙonni, shi ne bambancin yanki. Manyan kamfanoni sun raba duniya kashi-kashi, kuma firinta iri ɗaya takan nemi kartush mai lamba daban gwargwadon inda aka sayar da ita. Ba ka faɗi sunan kamfanin taka ba, don haka ga misali daga biyu da suka fi yawa a hannun mutanenmu. A wajen HP, kartush mai lamba 302 na Turai ne, mai lamba 63 na Amurka ta Arewa, mai lamba 123 kuma na Afirka da Gabas ta Tsakiya, alhali jikinsu ɗaya ne, kowannensu zai shiga mazaunin ɗan'uwansa. A wajen Canon, PG-545 na Turai ne, PG-245 na Amurka ta Arewa, PG-445 kuma shi ne namu. Kayan da ke shigowa Ƙonni ta Illela daga kasuwannin Sakkwato da Kano galibi an yi su ne domin firintocin da ake sayarwa a Najeriya, wato masu lambar Afirka, kuma masu ƙera kartush na kasuwa su ma wannan rabon suke bi. Mai shagon bai yi maka ƙarya da gangan ba, ya duba siffa ne kawai. Ɗauko tsohon da sabon ka ajiye su kusa da juna, ka karanta lambar da ke saman kowanne. Idan sun bambanta, gogewa ba za ta yi magani ba, ko da za ka kwana kana yi.

Injiniyan sadarwa, Yamai

Malam, bayanin da aka yi maka daidai ne, zan ƙara ne kawai a kan tambayarka ta uku, domin abin da ka ji ba jita-jita ba ne. A watan Satumba na 2016 wasu firintocin HP na jerin OfficeJet sun fara ƙin kartush na wasu kamfanoni a lokaci guda a ƙasashe da dama, saboda wani tsari da aka shigar musu ta hanyar sabunta manhajar da ke cikinsu. Kamfanin ya nemi afuwa a kan rashin yi wa mutane bayani, ya fitar da wata manhaja da ke janye toshewar daga waɗancan firintoci, amma tsarin ya ci gaba a cikin waɗanda aka ƙera daga baya, kuma a watan Disamba na 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci shi tarar Yuro miliyan 10 saboda bai sanar da masu saye yadda ya kamata ba. Hujjar kamfanin ita ce kare ingancin bugu da tsaron na'ura. Ni dai a ganina, mutumin da ya biya kuɗin na'urarsa shi ya cancanta ya zaɓi tawadar da zai zuba mata, idan ta ɓata masa aiki kuma asararsa ce.

Alamar wannan matsala daban take da taka. Kartush yakan yi aiki lafiya na wasu makonni, sai a wayi gari firinta ta ƙi shi ba tare da an taɓa kome ba, bayan ta sabunta kanta ta intanet. Tun da naka bai taɓa aiki ba ko sau ɗaya, na fi karkata ga batun yanki. Duk da haka, idan firintarka tana haɗe da wifi na gida, shiga cikin saitinta ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, ko kuma ka raba ta da wifi gaba ɗaya ka riƙa bugawa ta wayar USB, kuma idan kwamfuta ta tambaye ka ko a sabunta manhajar firinta, ka ce a'a. Mayar da tsohuwar manhaja bayan sabuwa ta shiga abu ne mai wuya ƙwarai.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba. Wasu firintoci suna da saitin da ke ɗaure kartush ga firintar da aka fara sa shi a ciki. Yawancin kartush na kasuwa irin naka, wato masu bakin feshi a jikinsu, tsofaffin na asali ne da aka tattara aka wanke aka sake cikawa, aka liƙa musu sabuwar takarda. Idan an riga an ɗaure shi ga firintar wani a can baya, taka ba za ta karɓe shi ba, kuma babu abin da za ka iya yi sai mayarwa.

Maman Sani, mai shagon buga takardu, Tawa

Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya saka da alheri a kan hidimar yaranmu. Ni shawarata ta mai sana'a ce. Tsohon kartush ɗin da ke hannunka ya fi sabon daraja, domin firintar ta riga ta san shi, lambarsa kuma ta yankinta ce. Kada ka jefar da shi, cika shi za ka yi. Idan ka ɗaga takardar da ke samansa za ka ga ƴan ramuka, a ƙarƙashinsu akwai soso. Da sirinji ake zuba tawadar, a hankali, mililita kaɗan, a dakata soson ya sha. Wanda ya yi gaggawa ya cika shi fal zai ga tawada tana ɗiga ta ƙasa, ta ɓata takarda, ta kuma jiƙa ɗigon jan ƙarfen da aka yi maka bayaninsu. Bayan ka zuba, ɗora bakinsa a kan takardar goge hannu mai ɗan danshi. Idan ya bar baƙin layi cikakke ba tare da yankewa ba, ya shirya. Mayar da takardar saman, amma kada ka toshe ramukan da salatif har iska ta kasa shiga.

Firintar za ta ci gaba da cewa tawada ta ƙare, domin ba ta ganin cikin kartush, lissafin abin da ta fesa kawai take yi. Yawancinsu suna barin mutum ya danna amincewa ya ci gaba, a ƙananan Canon kuma ana danne maɓallin tsayarwa na daƙiƙa biyar ko fiye, sai ta daina ƙidayar. Daga nan kula ta koma wuyanka: da ka ga rubutu ya fara dusashewa, tsaya ka ƙara. Irin wannan kartush da zafi yake fesa tawada, kuma tawadar ce ke sanyaya shi, saboda haka idan ya yi ta aiki babu kome a ciki bakin yakan ƙone, ƙonannen baki kuwa ba ya gyaruwa. Ka yi sauri kuma, domin a wannan bazara da zafin Tawa ke haura digiri 40, kartush da aka bari a fili ba ya daɗewa bakinsa yake bushewa. Kafin ka samu tawadar, bar shi a cikin firinta ko ka ɗaure shi a leda.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, wannan ƴar firinta ba a yi ta domin aikin aji guda ba. Kartush ɗin Canon PG-445, alal misali, mililita 8 ne a cikinsa, kamfanin kuma shafi 180 ya ƙiyasta masa, alhali kwalbar baƙar tawada ta Epson mai lamba 103, wadda ake zuba wa firinta mai tanki, mililita 65 ce, an kuma ƙiyasta mata shafi 4,500. Mai tanki ta fi tsada a ranar saye, amma ba ta da kartush ɗin da za ta ƙi. Idan malaman makarantarku za su haɗa kuɗi su sayi ɗaya kafin a dawo daga hutu, ku saye ta a Yamai ko a nan gida, inda tawadarta take a kasuwa, kuma ku riƙa buga ko da shafi ɗaya mai launi kowane mako domin kada bakinta ya toshe.

Baban Zali, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na mayar da tsohon, firintar ta karɓe shi nan take, ta ce dai babu tawada. Da na haɗa su biyun kuma, lambobin sun bambanta kamar yadda mai gyara ya yi zato: tsohon na Turai ne, sabon na Afirka. Na raba ta da wifi, kuma Hajiya, in Allah ya yarda zan biyo ta shagonki da tsohon bayan sallar la'asar domin in ga yadda ake cikawa da idona. Saura tambaya ɗaya: shin akwai hanyar da za a sauya wa firintar yanki, ta koma karɓar na Afirka, tun da a nan za ta ƙare rayuwarta?

Mai gyaran kwamfuta, Yamai

Madalla, Malam. Amsar ta danganta da kamfanin. HP, alal misali, yana sauya wa firinta yanki idan mai ita ya ƙaura da ita zuwa wata ƙasa, amma sai an tuntuɓi sashensu na taimakon masu saye, su ba da lambobin da za a shigar, kuma suna buƙatar a sa cikakken jerin kartush na asali na sabon yankin, wato baƙi da mai launi duka, ba na kasuwa ba. Da zarar an sauya, tsofaffin naka na Turai sun daina aiki, har da wanda Hajiya za ta cika maka. Saboda haka kada ka taɓa wannan kafin jarrabawa. Ka yi aiki da cikawa har yara su gama, idan hutu ya zo sai ka kwatanta kuɗin kartush biyu na asali da kasonka a cikin firinta mai tanki. Shi kuma na Ƙonni, mayar da shi cikin kwalinsa, ka ɗaure a leda, ka aika wa mai shagon tare da lambar tsohon a rubuce, ka nemi ya musanya maka da mai wannan lamba ko da kwalbar baƙar tawada da sirinji.