Wace kalma za mu ba "wargame"? Ina da aji ran Litinin

Malamin Tarihi, Zariya: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, lokaci ya ƙure mini. Ran Litinin zan fara koya wa ɗaliban ƙungiyar tarihi wasan nan da Turawa ke kira wargame: a jera ƙananan sojoji na dalma ko roba a kan tebur, a auna nisa da tef, a jefa dayis irin na lido a ga wa ya ci wa. Ƙa'idojin da na samu na yaƙoƙin Napoleon ne, ni kuwa yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, tsakanin jama'ar Shehu Ɗan Fodiyo da Gobir, nake so yara su buga. Zamani ɗaya ne, makaman ne suka yi hannun riga. Ina neman sunan wasan, da sunan 'yan sojojin, da abin da suke kira morale test, wato jefa dayis a ga ko runduna za ta tsaya ko ta gudu.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Darar yaƙi. Gajere ne, yaro zai gane.

Bakatsine: Dara ba ta da sa'a, Malam, basira ce zalla. Wannan da dayis ake yi. Wasan dabarun yaƙi ya fi.

Mai Fassara: Ai daga darar aka haife shi. Hellwig, Bajamushen da ya fitar da nasa a 1780, daga ces, darar Turawa, ya ɗauko, da gidajensa da komai. Reisswitz ne a Prussia, tsohuwar masarautar Jamusawa, ya watsar da gidaje ya koma taswira, wanda sojojinsu suka karɓa a 1824, ɓangare ɗaya ja ɗaya shuɗi, kowane zagaye minti 2 na fagen fama. Wasan dabarun yaƙi kuma fassarar ma'ana ce, ba suna ba. Wa zai ce "zo mu yi wasan dabarun yaƙi" bayan la'asar?

Baba Ɗan Gusau: Duk kun kauce. Kwaikwayaƙi. Kwaikwayo da yaƙi a haɗe. Na daɗe da ƙirƙiro ta, ku ɗauka kyauta.

Bakatsine: Ranka ya daɗe, na gwada faɗinta sau uku, harshena ya harɗe.

Baba Ɗan Gusau: Yaro, da aka ce "jirgin sama" ma haka kakanninku suka yi ta dariya.

Malama Mai Koyarwa: Ku bar sunan tukuna. 'Yan sojojin fa? Don Allah kar wanda ya ce gumaka, iyaye za su rufe ƙungiyar tun ran Talata. 'Yar tsana kuma samari ba za su taɓa ba. Sojan dalma nake gani. Ko na roba ne a bar shi a haka, kamar yadda muke cewa kwano ko da na roba ne.

Malamin Tarihi, Zariya: Na karɓi sojan dalma, Malama, na gode. Ga inda na maƙale da gaske. Ƙa'idar Napoleon ta ce idan dakaru suka yi murabba'i da wuƙaƙe a bakin bindiga, barade ba sa iya kutsawa. 'Yan bakan Shehu ba su da wannan, dawakansu kaɗan ne, amma sun karya 'yan lifidan Yunfa. In na bi littafin yadda yake, Gobir ce za ta ci kullum. Sai na ƙara wa kibiya saurin harbi fiye da bindigar ɗuri, na ba lifidi damar tare ta, na sa dafi ya rage ƙarfin runduna a zagaye na gaba. Da na gwada ƙa'idar a kan faɗuwar Kano ta 1903 kuwa, lifidin bai tsinana komai ba a gaban Maxim, bindigar Turawa mai ruwan harsashi, da igwa. Abu ɗaya ne bai canza ba a duk zamanan: lokacin da runduna ke tsayawa ko ta juya da baya. Shi ya sa kalmar morale ta fi damuna.

Ɗan Damagaram: Gwajin karaya. Runduna ta karaya, ta watse. Amma bari in faɗi gaskiya, ku 'yan Najeriya in aka bar ku "wogem" za ku rubuta, kamar yadda kuka yi da "mitin" da "fom".

Bakatsine: Mai cewa "lakwal" da "likita" ke mana gori?

Ɗan Damagaram: Likita taku ce ma, ɗan'uwa. Mu dai ba mu ce Hausar Kano kaɗai ce Hausa ba.

Baba Ɗan Gusau: Yauwa. Kuma in maganar Tafkin Kwatto ake, Sakkwatanci ya kamata a tambaya, ba Kananci ba. Kwaikwayaƙi na nan dai.

Malama Mai Koyarwa: Baba, mutum na da aji jibi.

Mai Fassara: Karaya rabi ce. Morale na hawa yana sauka, karaya sauka kawai take yi. Ƙarfin gwiwa shi ne abin da ake aunawa, karaya sakamako ce. A rubuta a katin kowace runduna: ƙarfin gwiwa 4, ƙarfin gwiwa 2. In dayis ya wuce lambar, ta karaya.

Ɗan Damagaram: To ai kalmata ta shiga ke nan.

Malamin Tarihi, Zariya: Ta shiga. Na rubuta darar yaƙi a kan takardar, sojan dalma, ƙarfin gwiwa da karaya. Bakatsine, na san dara ba ta da dayis, zan faɗa wa yara da bakina. Nisan harbi na bar shi nisan harbi.

Bakatsine: Ban gamsu ba, amma buga.

Baba Ɗan Gusau: Ka sa tawa a ƙasan shafi ko da ƙaramin rubutu ne, ka ga wadda yaran za su riƙe.