Takardar CAC da aka rataye a ofis ta isa shaidar cewa kwaleji ta halal ce?

Ɗan Runjin Sambo:
Assalamu alaikum jama'a, haske nake nema. Ƙanwata ta gama sakandare bara, JAMB ba ta yi mata kyau ba, sai muka ji labarin wata kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta nan cikin garin Sakkwato. Ranar Litinin na je da ƙafata. Gidan haya ne, an fasa bangon ɗaki biyu an mayar aji. A ɗakin gwajin nasu ƙwarangwal na roba kawai na gani, hannunsa ɗaya an ɗaure da waya. Da na tambayi rajista, mutumin ya nuna mini takardar CAC cikin firam, ya ce ta NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, "tana hanya". Na riga na biya dubu 15 na fom, saura dubu 180 kafin ƙarshen wata, kuma ragunan da Inna ta yi wata takwas tana kiwo ne za a kai kara. In biya ko in dakata?

Tsohon Malamin Poli:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada a kwance ragon nan tukuna. CAC rajistar kamfani take yi, irin wadda mai gidan burodi ma yake da ita. Ba ta san aji ba, ba ta san malami ba. Jami'a sai da lasisin NUC, kwalejin ilimi ta NCCE ce, mai ba da difloma ta ND da HND kuma ta NBTE ce, wadda aka kafa a 1977, hedikwatarta na Kaduna.

Ga inda mutane suka fi faɗawa rami: amincewa da makaranta daban, amincewa da kwas daban. Sai an zo an ƙirga malamai, an duba ɗakin gwaji da laburare, sannan a ce kwas kaza an yarda, ɗalibai kaza za ku ɗauka. Na sha ganin zuwan masu tantancewar nan, har takardun malamai ɗaya bayan ɗaya suke bi. Saboda haka tambaye shi wasiƙar kwas ɗin da yarinyar za ta yi, ka karanta kwanan wata. "Tana hanya" ba takarda ba ce.

Maman Ikram:
Yaya, ni ma'aikaciyar asibiti ce. A harkar lafiya akwai mataki na biyu. In CHEW ce, wato kwas ɗin ma'aikacin lafiyar al'umma, sai hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta san da ɗaliba ta ba ta lambar indeksin, wato lambar rajistar ɗaliba. In jinya ko ungozoma ce, majalisar jinya. Babu lambar nan, babu jarrabawar ƙasa, babu lasisi. Na san wadda ta yi shekara 3 da farin yunifom, yanzu a kemis take tsaron kanti. Me ya hana ku gwada ta gwamnati da ke Gwadabawa?

Na Gidan Igwai:
Duk na ji, amma a faɗi ɗaya gefen. Yara nawa Danfodiyo da jami'ar jiha za su iya ɗauka? Masu kafa ƙananan makarantun nan ba duka ne macuta ba, wasu sharuɗɗan ne suka fi ƙarfin aljihunsu.

Tsohon Malamin Poli:
Malam, wanda bai iya sayen gadon gwaji ba, da me zai koya wa yarinya karɓar haihuwa? Ka tuna ƙarshen 2023, ɗan jarida ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako 6, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Waɗanda suka yi karatu da gaske ma abin ya shafe su.

Ɗan Runjin Sambo:
Na gode ƙwarai, Baba. Na kira mutumin kwalejin ɗazu na nemi wasiƙar kwas, ya ce mai makullin durowar ya tafi Zamfara biki. Na ce wa Inna a ci gaba da ba ragunan dusa.