Waɗanda suka taɓa shiga intabiyun aikin cikin jirgin sama, me kuka tarar?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. An gayyace ni intabiyun ɗaukar ma'aikatan cikin jirgin sama, kuma na daɗe ina burin wannan aiki. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, domin in san inda zan fi mai da hankali.

Wata ma'aikaciyar jirgi: Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Ni abin da na fara tararwa shi ne wata alama a jikin bango. Aka ce mu cire takalma, mu ɗaga dunduniya, mu miƙa hannu mu taɓa ta, wanda bai kai ba kuwa nan take aka sallame shi. Kamfanonin jiragen sama na Emirates da Qatar Airways sun sa santimita 212 a matsayin ma'auni, tare da sharaɗin cika shekara 21, dalilin awon kuwa shi ne wasu kayan agajin gaggawa a ma'ajiyar saman kujerun fasinjoji suke. Ki gwada kanki a gida tun yanzu.

Wani da ya samu shiga: 'Yar'uwa, a ganina aikin rukuni ne ya fi kayar da mutane. An liƙa mana lamba a ƙirji, aka zaunar da mu a da'ira, aka ba mu matsala mu warware cikin ƙanƙanin lokaci, masu tantancewa kuma suna tsaye a bayanmu suna rubutu ba tare da sun ce uffan ba. Akwai wani matashi mai kaifin basira da ya mamaye zancen, yana katse kowa, kuma gaskiya amsoshinsa sun fi namu ma'ana, amma da aka kira lambobin waɗanda suka tsallake babu tasa. Wadda ke kusa da ni ba ta yi dogon bayani ba, sai dai ta lura da wata da kunya ta hana magana, ta juya ta nemi ra'ayinta, sannan ta tuna mana cewa lokaci ya kusa ƙarewa. Tare muka shiga horo da ita. Na fahimci cewa yadda mutum ke zama da abokan aiki suke dubawa, tunda kusan kowace tafiya da sababbin fuskoki za a haɗa shi.

Wata da ta daɗe a aikin: 'Yata, idan aka tambaye ki dalilin son aikin, kada ki tsaya a kan sha'awar ganin duniya, domin sun gaji da jin haka. Tushen aikin nan tsare rayuka ne, rabon abinci daga baya yake zuwa. Ba a amincewa da samfurin babban jirgin fasinja sai an nuna za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofin a rufe suke, kuma a Amurka da Turai ƙa'ida ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50. Ni an tambaye ni yadda zan yi da fasinjan da ya ƙi ɗaura bel ana shirin sauka. Na ce zan durƙusa daidai kujerarsa in yi masa bayani cikin ladabi, idan ya dage in sanar da shugabar ma'aikata, amma ba zan yi sassauci a kan dokar ba. Ki kuma tanadi labaran gaskiya daga aikinki na baya, kamar ranar da kika lallashi abokin ciniki mai fushi, saboda za su bi diddigin kowace magana, kuma haddar amsa ba ta jure tambaya ta biyu.

Wani mai jiran sakamako: Ƙarin da zan yi kaɗan ne. An yi mana jarrabawar Turanci a rubuce, aka tambayi ko mun iya iyo, aka kuma bincika ko akwai zanen jiki da tufafin aiki ba za su rufe ba. Ki tafi da fasfo mai sauran wa'adi da takardun makaranta na asali, ki kuma ware yinin gaba ɗaya, domin mu tun safe muka shiga, sai da yamma aka kira rukunin ƙarshe.